Batirin Gwiwar Inna

Ranar da abin ya kai maƙura, Inna na zaune a kujerar roba a falo, ta naɗe zane zuwa cinya, ta manna facin injinta guda biyu a gwiwarta ta hagu kamar yadda ta saba kowace safiya. Ta danna makunni. Iya abin da ta sani ke nan. Ƙafar ta miƙe da kanta ba da izinin kowa ba, ta yi ƙwallo da ɗan teburin shayi, kofi ya yi gabas, buta ta yi yamma. Kujera ta juye da Inna, ta samu kanta a ƙasa tana kallon rufi, tana zagin wanda ya ƙera injin da uwar da ta haife shi.

Injin gwiwa ne, ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba. Likita ne ya ce a saya mata, bayan shekarun da ta kwashe a tsaye tana guga a ɗakin wankin wani otal sun cinye mata gwiwa. Wayoyi biyu gare shi, da faci biyu, da makunni a gefe, sai ɗan abin murɗawa a sama mai ƙara ƙarfi ko ragewa. Batir ɗaya yake ci, irin mai kusurwa huɗun nan mai ƙusoshi biyu a ka. In an kunna sai ka ji kamar tururuwa na yawo a cikin ƙashi, can sai ciwon ya lafa, har Inna ta iya sauka daga bene ta je kasuwa ta yi faɗa da masu tumatir. In babu injin, babu sauka. Su kuwa a can saman bene suke, ita da autarta da mijin autar.

Auta ta fito daga ɗaki a guje, ɗankunne ɗaya a kunne, ɗaya a hannu.

"Inna! Kin kuma?"

"Na kuma me? Ɗaga ni tukuna, kin tsaya kamar an dasa ki."

Auta ta ɗaga ta, ta ɗauki injin ta duba. Abin murɗawar ya kusa kaiwa ƙarshe.

"Dubi inda kika kai shi, don Allah."

"Nan yake jiya. Nan yake shekaranjiya. Jiya ko sauro ya fi shi cizo."

Gaskiya ta faɗa. In batir sabo ne, daga ƙasa take farawa. Kwana na tafiya batir na gajiya, tana ɗan ƙara murɗawa, har ranar da zai kai ƙarshe ta ji shiru, sai ta sayi sabo ta mai da abin farko. Ba ta iya karanta lambobin jikinsa ba, kuma ba ta taɓa neman ta iya ba. Gwiwarta ce ke karanta mata. Amma a 'yan watannin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, batirin da jiya yake gargarar mutuwa sai ya wayi gari da ƙarfin doki. Na farko ta ciji harshe ta yi shiru. Na biyu ta yi ihu har maƙwabciya ta leƙo. Na yau ne ya kai ta ƙasa.

Mijin Auta yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, jakar jitarsa a baya. Dogo ake ce masa, kuma tsawon ne kaɗai abin da Inna ta taɓa yarda yana da shi. Kiɗan jita yake yi a wuraren taro, shi da wasu mutum biyu da su ma ba su samu aikin yi ba.

"Kai ba ka da baki ne?" in ji Inna.

"Sannu, Inna," ya ce da ƙasa. Ya zame ya fita kamar wanda ake bi.

Auta ta ɓalle murfin injin, ta zare batirin ta jefa kan kujera, ta nannaɗe wayoyin ta tura komai a jakarta.

"Ina za ki kai mini?"

"Zai zauna a wurina sai mun ga likita."

"Likitan ne ya ce in sa."

"Ba likitan gwiwa ba, Inna."

Ta shiga kicin ta ja ƙofa, kamar ƙofar nan ta taɓa riƙe magana. Inna ta ji komai. Auta na gaya wa yayanta a waya, babban ɗan Inna da ke aiki a wani gari, wai kan Inna ya fara taɓuwa. Wai tana murɗa abu ta manta, kuma in aka yi magana sai ta hau rantsuwa. Wai gara a fara tunani tun yanzu, kafin wata rana ta kunna gas ta bar shi.

Tunanin me? Inna ta san irin tunanin. Yau an ɗauke inji, gobe a ɗauke ashana, jibi a ɗauke makullin gida. Daga nan in ta ce rana ta fito sai a shafa mata baya a ce to, Inna, to. Matar da ta goge rigunan otal guda ba ta taɓa ƙona ko maɓalli ba, yau ita ce 'yar da ta wanke wa kashi take yi wa shaidar hauka.

Da Auta ta tafi shagon gyaran gashin da take aiki, Inna ta ɗauki batirin ba ta ko duba shi ba, ta ƙulle a bakin zane. Ta sauko benen a zaune, matakala bayan matakala, tana jan ƙafar hagu kamar buhun da aka ba ta ajiya. Wata mata ta hawa na biyu ta buɗe ƙofa ta ce, "Lafiya, Inna?" Inna ta ce, "Lafiya lau, motsa jiki nake." Matar ta rufe ƙofarta.

Shagon da take sayen batir a gindin benen yake. Mai Shago na cikin jera sabulu sai ya ji an doka abu a kan katako.

"Ɓarawo," in ji Inna.

"Ina kwana, Inna."

"Ban kwana ba. Me kake zubawa a batirinka? Aljanu? Ka sayar wa tsohuwa abin da zai kwanta kamar ya mutu, sai ta saki jiki ya tashi ya harbe ta? Yau da ƙeyata ta samu bakin tebur da yanzu kana can kana yi wa 'ya'yana gaisuwa da wannan fuskar taka."

Masu sayen burodi biyu suka fasa tafiya. Mai Shago ya ɗauki batirin ya juya shi.

"Wannan ba naki ba ne."

"Daga cikin injina aka ciro shi."

"To amma ba shi nake ba ki ba. Naki ga shi can, ja, mai araha, mara nauyi. Wannan baƙi ne, ɗaga ki ji nauyinsa. Irin mai tsadar nan ne mai daɗewa. Ke da kika ce ko kyauta na ba ki ba kya so, wai yana da zafin kai."

Inna ta ɗaga. Da nauyi kam. Ita ba ta taɓa buɗe murfin ba sai ranar canji, ranar ma ba ta kallon wanda ta cire, to ina za ta gani?

"Wa ke sayen irinsa?"

Mai Shago ya fara sosa ƙeya. Ya dubi masu burodi, suka dube shi.

"Ka haɗiye harshen ne?"

"Surukinki yakan saya."

"Dogo?"

"Inna, ni ban ce komai ba fa. Abin da na sani, kwanaki ya zo yana tambayata ko ina da batir ja wanda aka yi amfani da shi ya gaji. Na ce ni sabo nake sayarwa, wa ke ajiye gajiyayye? Ya ce sabo ba ya yi masa. Har kwandon sharata ya tona. Ya samu ɗaya, ya goge a riga, ya lasa."

"Ya me?"

"Ya ɗora a harshe. Ya rufe ido kamar mai ɗanɗana miya. Ya ce wannan ya mutu da yawa, shi mai sauran numfashi yake nema. Daga baya ya daina tambaya, sai dai ya zo ya sayi baƙin."

Inna ta mai da batirin bakin zane ta ɗaure tamau. Ɗaya daga masu burodin ya ce, "Inna, ai sai ki janye ɓarawon da kika ce masa." Ta ce, "Na bar masa, zai yi masa amfani wata rana." Ta sa Mai Shagon da kansa ya tare mata tasi.

Ta san inda su Dogo ke gwajin kiɗa. Ta taɓa wucewa ta wurin ta ɗauka ƙarfe ake yankawa. Wani tsohon sito ne a bayan masu facin taya, an manna kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu a bango wai don kada ƙara ta fita, ƙarar kuwa har bakin titi take tarbar mutum. Inna ta tura ƙofa da kafaɗa. Ciki zafi, warin gumi da na roba, wayoyi a ƙasa kamar hanjin akuya. Mai ganga, wani ƙato da tawul a wuya, shi ya fara ganinta, sanda ta tsaya masa a sama. Mawaƙiyar, wata siririya mai taunar cingam, ta sauke makirufo. Dogo ne kaɗai bai gani ba. Idonsa a rufe, baki a karkace, jita na kuka a lasifika kamar an taka wutsiyar kare a cikin durom.

Ya buɗe ido. Kukan ya mutu.

"Inna? Ya aka yi kika sauko?"

"Da gindi. Ba ni kujera."

Mai ganga ya miƙo tasa da sauri. Inna ta zauna, ta kwance bakin zane, ta ɗora baƙin batirin a kan lasifika.

"Na wa ne?"

Dogo ya dubi ƙasa. A gabansa akwai wani katako da aka jera ƙananan akwatunan ƙarfe a kai, kowanne da launinsa, kowanne da maɓallin da ake takawa da ƙafa, waya ta shiga wannan ta fita ta shiga wancan. Ƙafarsa ta matsa a hankali ta rufe wani mai ruwan ɗorawa da fentinsa ya kankare.

"Ɗauke ƙafar. Mene ne wannan?"

"Feda ce, Inna."

"Keke kake tuƙawa?"

"Haka ake ce mata. In na taka, sai ta canza muryar jitar."

"Buɗe."

"Inna, sai da sukurdireba."

Mawaƙiyar ta zaro ɗaya daga aljihun jakar jitar ta miƙa masa, ba ta ko daina tauna ba. Dogo ya harare ta. Ya tsuguna ya kwance ƙusoshin. A ciki, kwance a kan ɗan soso, ga jan batirin Inna, har da tabon man zafin da take shafawa.

Can waje ana buga wa taya guduma.

"Bari in yi miki bayani," in ji Dogo.

"Yi. Ina so in ji yadda ƙato mai gemu ke shiga ɗakin uwar matarsa ya saci batir."

"Ba sata ba ce, musanya ce! Na sa miki sabo, mai tsada ma. Inna, wannan fedar tsohuwa ce, ba kamar sauran ba. Sauran duk wuta nake jona musu, ko in sa baƙin batir, ba ruwansu. Ita wannan in ka jona mata wuta sai ta yi ta gunji. In ka sa mata baƙi sabo, muryar ta fito a tsaye, da kaifi, kamar ana saran kwano. Ja take so, kuma jan ma wanda ya gaji. Lokacin ne muryar ke dishewa, tana tsagewa, in ka ja wayar jita ɗaya sai ka ji kamar za ta mutu ba ta mutu ba. Wannan muryar ita ce ni. Saboda ita ake kiran mu."

"Saboda ni ake kiran mu," in ji mawaƙiyar.

"To ka sayi ja ka gajiyar da abinka mana," in ji Inna.

"Na gwada! Na sa sabo a fedar na bar ta a kunne ta kwana tana ci, da safe ya mutu murus. Na sa a rediyo, ya wuce yadda nake so. Ba abin da ke gajiyar da batir daidai kamar injinki, a hankali, kullum kaɗan. In ya kai kwanakin nan na ƙarshe, Inna, wallahi in kika ɗora a harshe..."

"Gwiwata ce ke dafa maka, ke nan."

Mai ganga ya tura tawul a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Ni na ɗauka alheri nake miki," in ji Dogo. "Ban san ba kya mai da abin murɗawar baya ba."

"Na farko ba ka sani ba. Na biyu da na yi ihu kana ina?"

"Ina banɗaki."

"Yau fa? Kana tsaye da jakarka kamar sandar lantarki, matarka ta ce na haukace, ta kira ɗana ta gaya masa. Ka ce sannu, Inna. Batirin ban damu da shi ba, da ka roƙa da na jefa maka kamar yadda ake jefa wa kare ƙashi. Hankalina ka bari aka ɗauka, kana kallo."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Kin san halin 'yarki. Da na yi magana a lokacin, da jitar za ta fasa mini kai."

"Da ta kyauta."

Inna ta miƙa hannu ta fizge fedar daga wayoyinta, lasifika ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga. Ta ɗora ta a cinya ta rufe da gyale.

"Inna, gobe muna da wasa!"

"Kira matarka. Ka ce ta zo da injina."

"Tana aiki."

"Ni ma ina da aiki. Akwai kwata a bakin ƙofar nan, na ga zurfinta da zan shigo."

Ya kira.

Auta ta iso da safar roba a hannu ɗaya, duk baƙin rini, ta baro wata mata da rabin kai. Ta dubi uwarta a kan kujerar mai ganga, ta dubi mijinta.

"Me ya kawo ki nan? Wa ya sauko da ke? Kin ga irin abin da nake faɗa ko?"

"Gaya mata," in ji Inna.

Dogo ya fara da tarihin fedar, da ƙasar da aka ƙera ta, da yadda ya same ta. Mawaƙiyar ta gaji.

"Yana sace batirin tsohuwar in ya yi sanyi, ya sa mata sabo. Shi ne yake harba ta. Shi ke nan labarin."

Auta ta cire safar a hankali, yatsa bayan yatsa. Dogo ya koma bayan ganguna.

"Kana tsaye," ta ce. "Da safen nan kana tsaye."

"Wannan ku ƙarasa a gida," in ji Inna. "In kin kashe shi zan ce ban gani ba, ai kaina ya taɓu. Ba ni injina."

Auta ta ciro shi daga jaka ta ɗora mata a cinya. Ta ce, "Yi haƙuri, Inna," can ƙasan maƙoshi, tana kallon katifar bango.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Kira yayanki. Ki buɗe murya kowa ya ji."

"A nan?"

"A can kin rufe ƙofa, kuma na ji. Nan ma zan ji."

Wayar ta yi ta ringi kafin ya ɗauka, ana jin hayaniyar wurin aikinsa.

"Yaya, maganar da na gaya maka da safe. Ba haka ba ne. Lafiyar Inna ƙalau. Dogo ne yake canza mata batir ba ta sani ba."

"Batir kuma? Na me?"

"Na kiɗa."

Sai yayan ya ce, "To ai ni har na yi magana da wani abokina, ya ce akwai likitan da..."

Inna ta karɓe wayar. "Ka koma ka gaya wa abokin naka uwarka ta fi uwarsa hankali. Kai kuma da aka ce maka na taɓu, ka kira ni ka ji muryata? Ko ka ce a ba ni waya?"

"Inna, aiki ne ya..."

Ta kashe, ta miƙa wa Auta abinta.

Gwiwar kuwa tun daga benen take ci kamar ana tura ƙusa. Inna ta naɗe zane ba ta damu da kowa ba, mai ganga ya juya yana duban bango. Ta manna facin. Ta zare jan batirin daga cikin fedar ta sa a injinta, ta rufe murfi. Dogo ya yi wani ɗan sauti kamar an taka shi.

"Inna, saura kwana kaɗan fa ya rage masa. Gobe kawai..."

"Kwanakin nawa ne, ba naka ba." Ta ajiye fedar a ƙasa ta tura masa da ƙafar dama, ta nuna baƙin batirin da ke kan lasifika. "Ga naka can. Mai tsada ma."

Ta danna makunni. Tururuwar suka fara tafiyarsu a hankali, yadda suka yi jiya. Ta jingina da katifa ta sauke numfashi.

Dogo ya sa baƙin batirin, ya ɗaure ƙusoshi, ya jona wayoyi. Ya taka feda ya ja waya ɗaya. Muryar ta fito tsaye, da ƙarfi, da kaifi, ba dishewa ba tsagewa. Ya runtse ido kamar an ba shi magani mai ɗaci.

"Ni ban ji bambanci ba," in ji mai ganga.

"Ni ma," in ji mawaƙiyar.

"Duk ba ku da kunne!" Dogo ya yi tsawa.

Auta ta ce wa uwarta ta tashi su tafi, matar da ta bari da rini na jira. Inna ta ce ba inda za ta sai gwiwa ta gama sha, kuma tunda an wahalar da ita ta zo, a buga mata waƙar tun daga farko ta ji abin da ake kiran su a kai. Suka buga. Ta saurara har ƙarshe, hannu a kan inji, sannan ta ce wa mawaƙiyar ita dai tana da murya, ta nemi mutanen kirki ta bi.